Mai Kauri: Tarihin Mike Odumosu da Faifan da Ya Tsira Daga Gobarar Taminus

Yau tarihin wani makaɗi na kawo muku. Mutumin ba Bahaushe ba ne, ba kuma ɗan Jos ba ne, amma sautin hannunsa yana cikin abubuwan da suka kafa jarin gidanmu. Mahaifina ya yi kusan shekara hamsin da sanin wannan sauti ba tare da ya san sunan mai shi ba, sai a daminar bara Allah Ya nufa muka gano shi tare. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin ni ba makaɗi ba ne, karatuna kuma a sakandare ya tsaya. Ɗan kasuwa ne ni, ɗan ɗan kasuwa, abin da kunnena ya ji da abin da na bincika shi zan faɗa.

Yadda abin ya faru shi ne, rufin ɗakin Baba ya fara yoyo, sai aka ce mu fitar da kayansa tsakar gida kafin kafinta ya zo. A cikin kayan akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda tun da na yi wayo ban taɓa ganin an buɗe ta ba. Da muka buɗe don mu ga ko ruwa ya shiga, sai ga tsofaffin rasitai, da littafin bashi, da wani abu mai faɗi an naɗe shi da tsohon zani. Na warware, sai ga baƙin faifan garmaho, babu kwalinsa, duk jikinsa ƙarce-ƙarce. A tsakiyarsa an rubuta haruffa uku: BLO.

Na kai masa na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya karɓa ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, sai ya yi wata irin dariya da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya ce, "Ikon Allah! Ashe Mai Kauri yana nan da ransa."

Jos ta wancan lokaci

Kafin in faɗi wane ne Mai Kauri, ya kamata matasa 'yan uwana su san irin garin da wannan faifai ya sauka a cikinsa. Kowa ya san kuza ce ta tara mu a nan. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara haƙar ta a kan wannan tsauni, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso a 1927. Kamfanin NESCO yana samar da lantarki daga ruwan Kurra tun wajajen 1930, lokacin da manyan garuruwa da yawa a Arewa suna kwana da fitilar aci-bal-bal. Kakana ya zo daga ƙasar Kano yana bin barikokin 'yan kuza da kayan koli, a haka ya zauna, a nan aka haifi Baba.

Gari mai wuta, mai jirgi, mai ma'aikata masu albashi, kuma kowace ƙabila ta Najeriya tana da wakili a cikinsa, dole kiɗa ya yi kasuwa. A gefe guda ga namu na gida, ga marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda aka haifa a Bukur a 1946. A wani gefen ga masu kiɗan zamani a otal-otal, irin su Sahara All Stars, ƙungiyar da ta maƙala sunan Jos a jikin sunanta. Bala Miller ma, wanda ya yi suna a Kaduna da waƙoƙin Hausa a kan kiɗan zamani, a Pankshin aka haife shi. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 kuɗin mai ya fara shigowa, aka canza fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, sannan aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji tsakanin ƙarshen 1974 da farkon 1975, har da ariyas. Baba ya ce a wannan lokacin duk ma'aikacin da ya karɓi kuɗinsa abu biyu yake nema, babur da kayan sauti.

A daidai wannan lokacin ne aka kai Baba, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya zama yaron shago a wajen wani Alhaji mai sayar da rediyo da garmaho da lasifika a tsakiyar gari. Aikinsa shara, da goge kaya, da gwada wa mai saye abin da yake so ya saya. To a nan faifan ya shigo. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya zo da shi daga Legas don ya gwada garmahon da zai saya, ya tafi ya manta shi, bai kuma dawo ba.

Baba ya lura da wani abu da maigidansa bai lura da shi ba. Idan ka gwada lasifika da muryar mai karanta labarai, ko da kuntigi, ko da algaita, kowace iri ce za ta yi daɗi, domin siririn sauti ba ya wahalar da ita. Amma idan ka ɗora wannan faifai, akwai wani sauti mai kauri da yake tafiya a ƙarƙashin kiɗan, shi ba ya rufa wa kowa asiri. Lasifikar da takardarta ta tsage, ko akwatinta ya saki, nan take za ta fara ƙara kamar an sa tsakuwa a gwangwani. Mai kyau kuwa sai ka ji sautin ya fito a dunƙule ya dake ka a ƙirji. Sai Baba ya riƙa ɗora kwabo a kan akwatin lasifikar, ya saki faifan, mai saye yana kallon kwabon yana rawa a hankali. Ya ce ba a cika yin dogon ciniki bayan wannan ba. Shi ya sa wa mai wannan sauti suna Mai Kauri, kuma a zatonsa BLO sunan mutum ɗaya ne.

Mece ce jitar bes?

Yanzu kowa yana cewa "wannan sifikar tana da bes", amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa akwai kayan kiɗa na musamman mai wannan suna. Jitar bes ta fi jita ta yau da kullum tsawon wuya, tsirkiyarta huɗu ce maimakon shida, kuma kowace ɗaya ta fi ta jita kauri sosai. A da can abin da ake amfani da shi wani ƙaton akwati ne mai siffar goge, wanda ake tsayar da shi a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum, ɗaukarsa wahala, kuma idan ganguna suka ɗau zafi ba a jin sa. A 1951 wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ya fito da ta lantarki wadda ake ratayawa a kafaɗa, ya sa mata suna Precision Bass. Daga nan kiɗan duniya ya canza, domin sautin ƙasa ya samu ƙarfin da zai yi gogayya da ganga.

Tsirkiyar da ta fi kauri a jikinta tana girgiza kusan sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya. Irin wannan sauti yana bukatar a tura iska mai yawa kafin ya fito, shi ya sa sai lasifika mai faɗin baki take iya fitar da shi, kuma shi ya sa jiki yake jin sa kamar yadda kunne yake ji. Mu Hausawa ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ana buga shi a ƙofar fada ya san abin da nake nufi. Haka wanda ya taɓa kwanciya a ɗaki mata suna lugude a tsakar gida, ya ji dukan turmi yana biyo ƙasa yana shigowa ta ƙarƙashin tabarma.

Aikin mai bes shi ne ya haɗa mai ganga da sauran makaɗa. Ganga tana ba da lokaci amma ba ta bin karin waƙa, jita da murya suna bin kari amma suna iya yawo. Mai bes yana da ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can. Idan ya yi aikinsa da kyau ba wanda zai waiwaye shi, idan ya yi kuskure kowa zai ji waƙar ta zube.

Asalin BLO

Da na shiga intanet da waɗannan haruffa uku, abu na farko da na gano shi ne ba mutum ɗaya ba ne, mutum uku ne, kuma kowane harafi na mutum ɗaya ne. B na Berkely Jones ne mai jita. L na Laolu Akins ne mai ganguna. O kuwa na Odumosu ne, wato Mike Odumosu, mai jitar bes. Shi ne Mai Kaurin Baba.

Samarin Legas ne da suka taso a shekarun 1960, lokacin da kiɗan hailaif yake mulki amma yara 'yan makaranta hankalinsu ya koma kan abin da yake fitowa daga Ingila da Amurka. Sun yi zama a wata ƙungiya mai suna The Clusters, suna kwaikwayon waƙoƙin waje kamar yadda sa'o'insu suke yi. Abubuwa biyu ne suka faru a Legas da suka juya akalar irin waɗannan samari.

Na farko, a Disambar 1970 James Brown ya zo Najeriya, tare da shi akwai wani yaro ɗan shekara 19 mai kaɗa masa bes, Bootsy Collins, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan sana'a a duniya. Makaɗan Legas suka ga yadda ake gina waƙa sukutum a kan bes da ganga. Su ma baƙin da suka je wajen Fela Kuti suka ji abin da yaransa suke kaɗawa, sun koma gida suna ba da labari.

Na biyu shi ne zuwan Ginger Baker, Baturen Ingila mai ganguna. Shi ɗan wata ƙungiya ce mai suna Cream, wadda ta yi zamani daga 1966 zuwa 1968, kuma ita ma mutum uku ce: Eric Clapton a jita, Baker a ganguna, Jack Bruce a bes. Jack Bruce yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa mai bes a kiɗan rok zai iya jan ragamar waƙa, domin shahararriyar waƙarsu "Sunshine of Your Love" ta 1967 a kan wani ɗan salo da ya tsara da bes aka gina ta. Bayan Cream ta watse Baker ya ratso Sahara da mota ya zo Legas, ya yi aiki da Fela, ya gina situdiyo a Ikeja, ya kuma kafa ƙungiya mai suna Salt. Ya ɗauki Berkely Jones da Laolu Akins da tagwayen nan Lijadu Sisters ya yi yawon wasa da su a Turai da Amurka.

Da Salt ta watse, Jones da Akins suka dawo gida da idonsu a buɗe. Sun ga yadda ake yi a can, sun kuma fahimci cewa ba su da abin da za su sayar wa Bature idan kiɗansa kawai za su maimaita masa. Suka haɗu da Odumosu a 1972 suka kafa BLO. A ƙarshen wannan shekara suka hau dandali a Legas a matsayin masu share fage ga Osibisa, ƙungiyar da a lokacin babu kamarta a cikin makaɗan Afirka da ke Turai. A 1973 kamfanin EMI na Najeriya ya fitar da faifansu na farko, Chapter One. Shi ne wanda yake cikin adakar Baba. Wani abin sha'awa, a cikin wannan shekarar ne Paul McCartney, mai bes na ƙungiyar Beatles, ya zo situdiyon EMI da ke Apapa ya ɗauki yawancin faifansa Band on the Run. Ka ga ke nan a shekara ɗaya, a gari ɗaya, a ƙarƙashin kamfani ɗaya, masu bes biyu sun yi aikin da har yau ake saurare, ɗaya duniya ta san sunansa, ɗayan kuma ko mu 'yan ƙasarsa sai mun bincika.

Yadda hannunsa yake

Garmahonmu ya daɗe da mutuwa, don haka na nemo waƙoƙin a YouTube na kawo wa Baba a waya. Na kunna masa "Chant to Mother Earth". Ya kara wayar a kunne, ya yi shiru, can ya miƙo min ya ce, "Kai, ba ita ba ce. Ta yi kama da ita, amma ba ita ba ce."

Raina ya ɓaci, na ɗauka na yi kuskure. Sai da na kwanta da dare abin ya faɗo min. Lasifikar waya ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba, ba ta da ƙarfin tura iskar da sautin ƙasa yake bukata. Wato na kawo wa Baba jita da ganga da murya, na bar Mai Kauri a waje. Washegari na ɗauko babbar sifika daga shagonmu, irin mai taya da ake haɗawa da waya, na ajiye a gabansa na sake kunnawa. Ba a yi minti ɗaya ba ya ɗaga hannu ya ce, "Yauwa! Ga shi nan ya shigo."

Tun daga ranar na saurari faifan ba adadi, ina bin bes ɗin kaɗai kamar mai bin sawu. Ga abin da kunnena ya tsinta.

Abu na farko, haƙuri. A "Chant to Mother Earth" Odumosu yana riƙe ɗan gajeren salo ya yi ta maimaita shi, waƙar tana tafiya a hankali, jitar Jones tana kuka tana yawo sama da ƙasa, shi kuwa yana nan inda aka bar shi. Abin da ya tuna min shi ne 'yan amshin marigayi Mamman Shata. Shata zai tafi ya zaga duniya da magana, ya yi yabo, ya yi zambo, ya yi habaici, amma duk inda ya je 'yan amshi suna nan da layinsu guda, kuma saboda suna nan ne yake da inda zai dawo ya sauka. A BLO jita ce Shata, bes ne 'yan amshi.

Abu na biyu, cika wuri. Ƙungiyar mutum uku ba ta da wurin ɓuya. A ƙungiyar Fela akwai masu busa, da masu jita fiye da ɗaya, da masu kaɗe-kaɗe iri-iri, idan ɗaya ya yi sanyi wani zai rufe. A nan kuwa da zarar mai jita ya tafi nuna bajinta, babu wanda ya rage ya riƙe karin waƙar sai mai bes. A waƙoƙi masu sauri irin "Preacher Man" za ka ji Odumosu yana ƙara 'yan taku tsakanin bugun ganga, yana cike gurbin da aka bari, amma ba ya tsallake iyakarsa ya shiga gonar mai jita.

Abu na uku, kuma shi ne ya fi burge ni, inda yake ajiye nauyinsa. Yawancin kiɗan rok na Turawa tafiyar soja yake yi, ɗaya biyu uku huɗu, kowane taku daidai da ɗan uwansa. Shi da Akins ba haka suke tafiya ba. Sukan jinkirta wani bugun su gaggauta wani, su bar ɗan rami a inda kake jiran duka, kamar yadda mai kalangu yake yi wa 'yan rawa. Kayan na Bature ne, jitar tana kuka irin na su Jimi Hendrix, amma tafiyar ƙasan ta gida ce. Ina jin shi ya sa yaron shago Bahaushe da bai jin kalma ɗaya ta waƙar ya kama ta da hannu biyu.

Tafiyarsa Osibisa da abin da ya biyo baya

Bayan Chapter One sun koma kamfanin Decca, ƙarƙashin tambarin Afrodisia, suka yi faifai na biyu, Phase II, wanda ya fi karkata ga kiɗan rawa. Daga nan Odumosu ya bar ƙungiyar, Biddy Wright ya maye gurbinsa. Inda ya tafi shi ne shaidar matsayinsa, domin Osibisa ce ta ɗauke shi, wato ƙungiyar da suka share wa fage a 1972. Mutanen Gana uku ne suka kafa ta a Landan a 1969, Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio, tare da wasu 'yan tsibiran Karebiyan da wani ɗan Najeriya, Lasisi Amao. Odumosu ya kaɗa musu bes a faifan Ojah Awake na 1976, wanda waƙarsa "Dance the Body Music" ta shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila, da kuma Black Magic Night, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a zauren Royal Festival Hall na Landan a 1977. A Osibisa akwai masu busa da mai fiyano da masu ganguna da yawa, sai ka ji ya rage yawan taku ya koma riƙe gindin kiɗa kawai. Mutum ɗaya ne, amma ya san bambancin zama a shagon da kai kaɗai ne yaro da zama a shagon da kuke da yawa.

BLO ta ci gaba har zuwa farkon shekarun 1980. Laolu Akins ya zama babban mai tsara faya-fayai, shi ya tsara wa Shina Peters faifan Ace na 1989 da ya girgiza ƙasar nan. Amma zamanin irin wannan kiɗa ya riga ya wuce. Kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, tsarin SAP ya zo a 1986, naira ta faɗi, kayan kiɗa suka gagari samari saye. Kaset ya kori faifai, masu kwafar kaset ba bisa ƙa'ida ba suka karya kamfanoni, manyan kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. A wajenmu kuma, da fina-finan Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, fiyano guda ta Yamaha ta wadatar, ita ce ganga, ita ce sarewa, ita ce bes. Mu da aka haifa a wannan zamani mun tashi muna jin sautin ƙasa a kowace waƙa, ba tare da mun taɓa tunanin cewa a da mutum ne yake tsayawa da yatsu yana fitar da shi ba.

Shi ma Baba rayuwarsa ta juya. Ya samu 'yancin kansa, ya kama shago a babbar kasuwar Taminus bayan an buɗe ta a tsakiyar shekarun 1980, ya koma sayar da rediyo mai kaset, ya yi iyali, ya je Makka. Faifan ya daina aiki, sai ya kawo shi gida ya jefa a adaka. A Fabrairun 2002, watanni biyar bayan rikicin Satumbar 2001, kasuwar ta ƙone. Ina ɗan shekara biyu a lokacin. Duk abin da Baba ya tara a shago ya tafi a dare ɗaya, shi da dubban 'yan kasuwa. A cikin duk kayan da ya taɓa riƙewa a sana'arsa ta farko, wannan faifan kaɗai ya rage, saboda ya riga ya zama abin da ba a bukata.

Dawowar sautin

Abin da ya ba ni kunya a binciken nan shi ne, mutanen waje ne suka tono mana kayanmu. A 2001 wani kamfani a Landan mai suna Strut ya tattara waƙoƙin Najeriya na shekarun 1970 ya fitar da su da sunan Nigeria 70. A cikinsu akwai "Chant to Mother Earth" ta BLO, akwai "Ikon Allah" ta Bala Miller, akwai kuma "Enjoy Yourself" ta Sahara All Stars ta nan Jos. A 2008 kamfanin Soundway ya biyo baya da nasa tarin, a 2013 kuma kamfanin Mr Bongo ya sake buga Chapter One sabo fil. Mu kuwa jikokin waɗanda suka saye shi da zafinsa ba mu taɓa jin sunansa ba.

A ganina tasirin mai bes ba ya tafiya da suna, hannu da hannu yake bi. Wanda ya nuna cewa za a iya ɗaukar kayan kiɗan rok a ɗora shi a kan tafiyar gida, a kuma yi shi da mutum uku kacal, ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo bayansa, ko sun san shi ko ba su san shi ba. A garin nan har yanzu akwai masu riƙe da jitar bes, galibinsu a majami'un maƙwabtanmu suka koya, kuma Jos ta fitar da mawaƙa irin su P-Square da M.I da Jeremiah Gyang. Idan na wuce inda ake gwajin kiɗa da yamma na ji wani yaro ya kama ɗan salo yana maimaitawa, yana barin rami a inda ake jiran duka, sai in ce a raina wannan ma ɗan gidan ne.

Da na ga irin kuɗin da masu tara tsofaffin faya-fayai suke biya a kan bugun farko na Chapter One, jinin kasuwa ya motsa min. Namu ya ƙarce, ba shi da kwali, amma na san ba za a rasa mai so ba, ga shi kuma muna bukatar kuɗin gyaran rufi. Na je na sami Baba na ce, "Baba, ka san wannan abin kuɗi ne yanzu? In ka yarda sai in nemi mai saye."

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, tun yaushe kake kasuwa? Mai hatsi yana sayar da gero, yana sayar da dawa, ka taɓa ganin ya sayar da mudunsa? Da wannan na auna duk abin da na sayar. Mayar da shi inda ka ɗauko."

Na mayar. Rufin kuma muka gyara shi da kuɗin shago a hankali.

Kunnen Baba ya yi nauyi a 'yan shekarun nan. Tsufa siraran sautuka yake fara ɗaukewa, shi ya sa ba ya jin kiran waya, ba ya jin muryar jikokinsa sai sun matso. Sautin ƙasa kuwa shi ne yake daɗewa. Wani lokaci bayan la'asar, idan gida ya yi shiru, yakan ce in kawo sifikar nan. Ba ya son a ƙure ta. Yakan ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, inda a da yake ɗora kwabo, ya rufe ido. Ran nan ya sa na maimaita masa sunan har sau uku, O-du-mo-su, har ya iya faɗa daidai. Ya ce, "Shekara hamsin ina cin albarkacin mutum ban san sunansa ba. Allah Ya saka masa."

Shawarata ga matasa 'yan uwana ita ce, duk wanda yake da tsoho a gida ya buɗe adakarsa tun yana da ran da zai yi bayani. Wanda kuma yake son ya ji abin da nake faɗa ya nemi Chapter One, amma don Allah kada ya saurara da lasifikar waya, ya nemi babba. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar mana da garinmu lafiya. Wassalam.